Ranar da Na Ba Tumatir Kafe da Madara

A waya na ga wani Bature yana zuba guggubin kafe a ramin taki, tumatir ɗinsa kowanne ya kai dunƙulen hannu. Nan take na ce wa matata Rabi ta daina sa a kawo mana kashin awaki daga Tsibiri, ilimi ya shigo gida.

Abin da ban lura da shi ba, kafenmu na Maraɗi na gwangwani ne, narkewa yake, ba ya barin guggubi. Sai na kai wa Ilu mai shayi bokiti a Sabon Gari, na ce duk abin da aka rage a kofi ya juye mani.

"Mushe," in ji Ilu, don haka ake kiran ɗan boko a nan, "har da madarar da sukarin?"

"Har da su," na ce. "Ƙarin ƙarfi ne."

Kwana biyar ina shayar da ramin takin tumatir ɗinmu da kaina. Ran na shida yayan Rabi, wanda ya tsufa a gona, ya zo gaishe mu. Na ja shi ganin aikin zamani. Na tsuguna, na cusa hannu har gwiwa ina bayani.

Cinnakun unguwa duka suna ciki. Kafin in kai bakin randa na yar da hula, na tuɓe riga a gaban surukina, ina tsalle ina salati.

Bawan Allah ya yi mana sallama ya tafi. Washegari dai amalanken kashin awaki ya iso daga wajensa.

Har yau in Rabi ta kawo kalaci sai ta tsaya a kaina: "Mushe, tumatir fa? Da burodi za a kai masu, ko haka za su sha?"