Rasuwar Ɗan Ja, Injin Ruwan Ramin Tsakuwa

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da zargin da ba ni da niyyar ɓoyewa, ni Malam Adam Maitsakuwa nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar Ɗan Ja, injin jan ruwanmu na ramin tsakuwa da ke hanyar Yana in an bar Azare. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Gidaɗo ne, mai kula da lodin tifofi. Na faɗi sunansa tun daga farko don kada a ɗora wa fetur laifi.

Ba zan yi wa marigayin addu'ar mamata ba, domin ƙarfe ne, kuma na san iyakata. Amma shaida zan bayar. Ya rayu cikin ƙanƙan da kai. Ja ɗaya ake yi wa igiyarsa ya amsa, tuf-tuf-tuf, ba kamar wasu ma'aikata ba da sai an kira su sau uku. Bai taɓa shan mai fiye da cikinsa ba. Kududdufi biyu gare mu: ruwan wankin tsakuwa yana gangarawa cikin na farko, laka ta kwanta, garau ɗin ya tsallaka na biyu, daga nan Ɗan Ja ya sake ɗauko shi. Da wannan juyin muke wanke tsakuwa duk rani, ba mu taɓa zuwa rijiyar unguwa mun takura wa mata ba.

Yana da wani aikin da ya fi wannan. Filin na Hajiya Fanna ne, kuma sharaɗinta ɗaya: in mun gama haƙa, gona za mu mayar mata, ba ramin da awaki za su riƙa faɗawa ba. Saboda haka duk laka da ƙasar da aka tankaɗe, tsohon rami ake kai su. Mun cike rabinsa, mun shimfiɗa ƙasar sama, an dasa darbejiya, Hajiya ta ja fangalin albasa. Ɗan Ja ne yake shayar da su kowace yamma.

Rashin lafiyar ta fara ne lokacin da na tafi Sakwa gaisuwar mutuwa. Gidaɗo ya ga tsohon rami ya yi masa nisa, sai ya sa aka riƙa juye laka a gaɓar kududdufin ruwan garau. Lakar ta zame ciki, ta toshe ragar da ke bakin tiyo, ruwa ya ragu. Mai hankali wanke ragar zai yi. Shi cire ta ya yi. Marigayin ya shiga haɗiyar yashi ba tare da ƙorafi ba. Masu haƙa sun ce muryarsa ta koma gurr-gurr, daga baya ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya ce kaf. Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe.

Da na dawo, Gidaɗo ya tare ni da fuskar jimami, wai man da aka sayo ne gurɓatacce. Bappa makanike ya buɗe cikin, muka tarar da yashi dam kamar ƙundun kaza. Ragar kuwa a ƙofar akurkin tattabarun Gidaɗo aka gan ta. Ya rantse a hanya ya tsince ta. Ni dai ban san hanyar da take haifar raga mai ɗigon jan fenti irin na injinmu ba.

Shi ma Bappa ban sakankance da shi ba. Jimaminsa ya yi yawa, kuma duk lokacin da yake girgiza kai idonsa yana kan kafireto.

Marigayin ya bar tiyo biyu, ɗaya mai faci, da igiyar tayarwa, da jarkar mai wadda har yanzu ba a gaya mata rasuwar ba. Ya bar dashen darbejiya da albasar da ta fara sunkuyar da kai. Hajiya Fanna ta aiko cewa ranar da albasar ta bushe, ranar za mu kwashe sheburanmu daga filinta. Magidantan da suke ci daga ramin nan su ma marayu ne, ko sun sani ko ba su sani ba.

Za a yi bankwana da gawar ranar Asabar bayan la'asar, a rumfar da ya saba zama. Mai zuwa ta'aziyya ya bar sifanarsa a gida. Ba a gayyaci 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe ba, kuma ni da kaina zan tsaya a kansa har a kai shi sito a kulle.

Dattawan rami sun zauna, an karɓe lodi daga hannun Gidaɗo. Zai yashe kududdufin da shebur, ya tura lakar a baro zuwa tsohon rami. Albasar Hajiya kuwa da jarka zai riƙa shayar da ita, safe da yamma, har a samu wani injin.