Haihuwar 'Yar Gata

Wani mutum ne a ƙasar Gumel, Badamasi sunansa, dillalin buhuna. Ba ka minti biyar da shi bai kawo maka zancen doki ba. Cewa yake a gindin turke aka yanke masa cibiya, kuma in doki ya yi atishawa a Maigatari, daga nan zai gaya maka launinsa.

Goɗiya ɗaya gare shi, 'Yar Gata. Ƙiba kamar randa. Wuyanta ya yi tozo, tafiya kuwa sai ka ce a kan garwashi take takawa. Likitar dabbobi, Dakta Ladidi, ta taɓa duba ta a ranar rigakafi, ta ce ciwon kofato ne, tushensa kuma ƙibar nan da wata cuta a jini mai kama da ciwon suga. Ta ce a janye mata hatsi, a bar ta da busasshiyar ciyawa, kada kuma a kai ta barbara. Da wuya ta ɗauki ciki, in ma ta ɗauka nauyin zai ƙarasa ƙafafun, ɗan kuma yana iya gadon cutar.

Badamasi ya yi godiya. Tana juya baya ya ce wa abokan hirarsa ita a takarda ta ga doki, shi kuwa da warinsa ya girma.

Surukinsa, Alhaji Makau, yana da ingarman da ya sha cin tsere, ba ya kuma ba da aronsa ga kowa. Badamasi ya je ya durƙusa, ya yi alkawarin ɗan fari na Alhaji ne, kyauta. Tsoho ya amince. Aka ja 'Yar Gata tana ɗingishi, ta yini a gidan, aka dawo da ita.

Daga ranar Badamasi ya ce baki biyu yake ciyarwa. Dawa, dusa, rake, har geron furar matarsa Kuluwa bai tsira ba. Goɗiya ta yi ta kumbura. Da safe sai ya kara kunne a cikinta, ya ji ƙululu, ya ɗago ya sanar da cewa ɗan yana harbi, namiji ne kuma, mai farin goshi. Da ta fara tsayuwa tana miƙe ƙafafun gaba tana jingina baya don zafi, ya ce koya wa ɗan burki take tun daga ciki. Aka ce kofatonta ya yi zafi rau, ya ce jinin tsere ke nan.

Damina ta wuce, wata ta zagayo. Alhaji Makau ya tuƙa 'yar ragama da hannunsa, duk Juma'a yana zuwa da ita a aljihu. Badamasi ya ce dokin asali ba ya gaggawar fitowa. A ransa kuwa ya fara lissafin watanni, yana samun amsar da ba ya so, sai ya ƙara mata dawa.

Ran nan da hantsi 'Yar Gata ta zube ƙasa rim, tana nishi. Badamasi ya fita ba hula yana shelar naƙuda. Kafin a jima gida ya cika. Aka shimfiɗa wa Alhaji Makau tabarma a gaba, ragama a cinyarsa. Kuluwa ce ta aika a kira likita, don ta ce ita ta haihu sau shida, ba ta taɓa ganin mai naƙuda tana miƙa wuya cikin ƙwaryar dusa ba.

Dakta Ladidi ta zo, ta taɓa kofato, ta girgiza kai. Ta zura doguwar safar hannu har kafaɗa, ta duba ciki. Badamasi ya matso yana ba ta shawarar ta bi a hankali, kada ta taɓa masa ido.

Ta zare hannu ta ce, “Malam Badamasi, babu komai a nan sai dawarka. Ƙafafunta ne suka gaza ɗaukar ta. Daga yau ko ƙwaya ɗaya kada ta ƙara gani, in kana son ta tashi.”

Ya ce a sake dubawa, wataƙila ya ɓuya ta gefen hagu. Shi da kunnensa ya ji harbi.

Bai rufe baki ba 'Yar Gata ta ɗage wutsiya, ta saki wata iska, buuut, doguwa, har kajin Kuluwa suka watse. Na kusa suka ja baya suna toshe hanci da bakin riga.

Alhaji Makau ya miƙe a hankali, ya karkaɗe rigarsa, ya miƙo 'yar ragamar.

“To, ga shi ya fito, Badamasi. Kama min shi in sa masa.”

Badamasi ya karɓa da hannu biyu. Ya dubi ragama, ya dubi ƙofar gida.

“Baba, ai na gaya muku ɗan tsere ne. Ya riga ya wuce.”