Yaƙin Ƙafar Jitar Mufutau

Ni na riga kowa ganinta. Duk wanda ya ce maka shi ya fara ɗora ido a kan jita mai ƙafa a garin Funtuwa, ka tambaye shi inda yake da hantsin Alhamis ɗin da aka sauko da ita daga motar goro, domin ni ina bakin tasha da famfo a hannuna, kuma ban gan shi ba. Sai dai tarihin mazaje ba a rubuta shi da "ni, ni" kamar mai neman kason nama. Saboda haka zan koma gefe in kira gwarzon da sunansa.

Shi ne Nomau ɗan Arzika ɗan Anaruwa ɗan Jatau Mai Baka, wanda aka ce ya taɓa auna shaho ya sami tunkiyar maƙwabci; Bagobiri na asali mai zane shida da bakwai, tsatson mutanen da ba su san ƙofar baya ba; Sarkin Facin bakin tasha, Gagara-Tsatsa, mai tilasta wa tayar da ta rantse ba za ta ƙara riƙe iska ba; wanda sanƙarau ya zo ɗauka ya koma hannu Rabbana; wanda ya faɗo daga saman motar gyaɗa tana gudu, ya tashi ya karkaɗe riga ya tambayi inda hularsa take; wanda bai taɓa zama a aji ba sai wata uku na yaƙi da jahilci, a can ma jahilcin ne ya nemi sulhu.

Amma ba'adu. Abar da ake magana a kanta jita ce, sai dai ba irin wadda ake rungumewa ba. Kwance take a kan ƙafafu huɗu na farin ƙarfe kamar teburin mai shayi, tsirkiyoyinta na kallon sama, daga ƙasa ga abubuwan takawa jere kamar na mota. Makaɗi ya zauna ya riƙa goga mata wani guntun ƙarfe mai santsi, ita kuwa ta yi ta kuka kamar wadda aka tuna wa garinsu. Kowace ƙafa bututu ne cikin bututu, da zobe mai murɗawa a tsakani: a ja ta yi tsawo, a murɗe ta tsaya, tamkar ƙarfen sirdin keke.

Mai ita Mufutau ne, makaɗi, Bayarabe haifaffen Funtuwa. Kowa kuwa ya san abin da ke tsakanin Bagobiri da Bayarabe. Wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, ba a fushi, ba a kai ƙara, amma wanda ya faɗi ba a ɗaga masa ƙafa.

Ranar Asabar da safe sai ga Mufutau a rumfar faci, ya dire jitar a gaban Nomau.

"Kai, bawan gidanmu, ajiye tayar nan, ubangidanka ya zo da aiki. Ƙafar gaba ta dama zamewa take yi. Ina cikin kiɗa sai ta nutse, teburin ya karkace, ƙarfen ya gangara. Yau bayan la'asar Alhaja Sikira za ta buɗe gidan burodinta, mu ne da kiɗa."

"Bayarabe ci-barkono, ko gaisuwa babu? Bar ta nan. Wadda ta fi ta taurin kai ma na ladabtar."

"To ji sharaɗi. In ta nutse gaban jama'a, wallahi sai na sa ka a waƙa. Bagobirin da ƙafa ɗaya ta kayar! Har jikokinka sai an yi musu rawa da ita."

A nan ne lamarin ya tashi daga gyara ya koma yaƙi. Domin sara yana warkewa, karaya tana ɗoruwa, amma zambon makaɗi in ya kama mutum, matan gari ne za su riƙa daka da shi har a binne shi, a dawo daga maƙabarta ana rerawa a hankali. Nomau ya ga sunan Gobir kacokan an ɗora shi a kan bututu guda mai kaurin rake.

Ya yi ɗamara da tsohon tib na taya, ya gyara zaman hula, ya jera makamansa a kan buhu: sifana, filaya, guduma, da babban makamin da bai taɓa ba shi kunya ba, wato gwangwanin giris. Mazhabarsa a fannin ƙarfe ɗaya ce, wadda ya gada daga wanda ya koya masa aiki, shi ma daga nasa maigidan, salsala ingantacciya ba yankewa: ƙarfe ba ya ciwo sai na ƙishirwar mai. Keke ya yi ƙara, mai. Sarƙa ta cije, mai. Saboda haka ya yi kururuwa, "Gobir gidan faɗa!" ya zare ƙafar mai laifi, ya shafe ta da giris tun daga cinya har kofato. Da ya dubi sauran ukun suna tsaye a bushe kamar marayu, sai adalcinsa na gado ya motsa, ya ce ba a gidansa za a yi ɗan mowa da ɗan bora ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ƙosar da su har suna ƙyalli.

Mufutau ya jawo benci ya zauna don gwaji. Hannu kawai ya ɗora.

Wanda ya taɓa ganin raƙumi yana durƙusawa ya ga abin da ya faru. Gaba ta fara sauka, baya ta biyo, a natse, ba gaggawa, ba ƙara, har jitar ta kwanta a kan gwiwoyin mai ita, guntun ƙarfen ya gangara ya faɗa kwanon ruwan da ake neman hujin taya a ciki. Abokin gaba ɗaya aka kawo wa sadaukin da safe. Kafin rana ta take tsaka ya mai da su huɗu, da hannunsa, da girisinsa.

Mufutau ya yi dariya har ya riƙe ginshiƙin rumfa. "Na gode, bawana! Da baiti ɗaya zan yi, yanzu ka ba ni huɗu." Ya tafi haɗa sauran kayan kiɗa yana gwada amshi a hanya.

Sai Nomau ya zauna ya yi tadabburi irin na manyan sarakunan yaƙi bayan an kore su daga fage, ilhama kuwa ta sauko masa a makare kamar yadda ta saba. Ashe ƙafar nan ba dangin sarƙa ba ce, dangin birki ce. Aikinta ta riƙe, ba ta gudana ba. Shi kuwa shekara ashirin yana zagin duk wanda ya kai mai kusa da birkin keke.

Aka sake ɗaura yaƙi. Ya tsiyaye kananzirin fitilarsa, ya aro toka daga murhun Tabawa mai waina da ke maƙwabtaka da rumfarsa, ya ɗebo yashi, ya kwance zobban nan huɗu. A cikin kowanne ya tarar da wani ɗan ƙaramin zobe tsagagge, bai fi na yatsa ba, wanda shi ne ke cizon bututun idan an murɗe. Ya wanke, ya cuɗa, ya goge, ya shanya, yana gumi yana yi wa kansa kirari tunda babu mai yi masa. Ƙafa ta farko ta yi mubaya'a. Ta biyu ta miƙa wuya. Ta uku ta ɗan yi gardama, aka ƙara mata toka, ta bi sahu. Saura ta huɗu, uwar fitina, wadda tun asali ita ta ta da tarzomar. Ya ɗauko ɗan zobenta, da sauran santsi a jikinsa, ya matsa shi tsakanin yatsu biyu, sai ya kuɓuce kamar sabulu, ya yi tsalle, ya gangara, ya tsaya a gaban agwagwar Tabawa. Agwagwa ta dube shi da ido ɗaya, ta haɗiye.

"Tabawa! Kama mini ita, yanka ta zan yi!"

"Ka yanka wa? Ƙwai take yi. Abin da ya shiga zai fito, Nomau, ka jira gobe."

Gobe kuwa ba ta cikin sharaɗi. Gwarzon ya yanko tsirin roba daga ɗamararsa, ya naɗe ƙafar tam, ya murɗe babban zoben a kan wofi, ya dafa da yatsa biyu ya ga ta tsaya. Da Mufutau ya dawo ya ce masa, "Ɗauki kayarka, an ci garin." Bai ce an bar ƙofa ɗaya ba mai gadi ba.

Bayan la'asar aka hallara ƙofar gidan burodi. Rumfuna, kujeru, tukwanen shinkafa, mata da ɗaurin kai kamar za su tashi sama. An lulluɓe gaban jitar da gefenta da wani ƙyalle mai sunan ƙungiyar makaɗan, ya sauka har ƙasa. Nomau ya tsuguna daga gefe, wai duba aiki yake. Ganguna suka ɗauka, jita ta fara kuka, sai idonsa, wanda ke ganin hujin allura a cikin taya, ya hango kusurwar ƙyallen tana tattaruwa a ƙasa sannu a hankali. Roba ta ci amana.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya ce "Gobir!" a cikin maƙogwaro, ya kutsa ƙarƙashin ƙyalle, ya kwanta a kan haƙarƙarinsa, ya cafke ƙafar da hannu biyu a daidai mahaɗa, ya ɗaga ta ta koma matsayinta. Dabararsa mai sauƙi ce: ya riƙe har waƙar nan ta ƙare, a lokacin hutu ya cusa ƙusa. Kuskurensa kuwa, da waƙar rediyo ya yi awo, wadda kafin ka gama faci ɗaya ta ƙare. Bai san kiɗan Yarbawa ba a wurin biki. Waƙa ɗaya ce, ba ta da gindi. In an gama yabon Alhaja a shiga na mijinta, a shiga na uwarta, a shiga na wanda ya sayar mata da fili, ganga ba ta ko numfasa ba.

Mufutau ya leƙo ƙasa, suka haɗa ido. Ya washe baki, ya ƙara dafa jitar da gwiwar hannu.

A nan aka yi rubdugun da ba a taɓa yin irinsa ba tsakanin Funtuwa da Gusau. Ta gabas takalmin Mufutau yana sauka a kan abin takawa, yana haɗawa da gemun sadaukin. Ta yamma rundunar cinnaku, waɗanda sukarin gidan burodi ya tara, suka shigo ta ƙafar wando ba sallama, suka yi sansani inda ba a faɗa a littafi. Ta kudu Alhaja Sikira da kanta, mace mai albarkar jiki, ta taso rawa ta tsaya a kan ɗan yatsan ƙafarsa da ya leƙo waje, ta yi juyi uku a kansa. Ta sama ƙamshin shinkafa da naman kaza yana wucewa faranti bayan faranti zuwa ga mutanen da ba su riƙe komai ba. Hannuwa suka mutu, kafaɗa ta kama wuta, mara ta cika ta fara aiko da manzanni. Amma ƙafar nan ko kaurin gashi ba ta sauka ba, kuma Nomau ɗan Arzika bai yi tari ba.

Ɗauki bai zo ba sai daga masallacin tasha. Ladan ya ɗaga murya don magariba, ganguna suka yi shiru. Allah Ya saka wa wannan ladan, bai san rundunar da ya ceto ba.

Masu kwashe kaya suka yaye ƙyalle, jama'a suka ga Sarkin Faci kwance, fari fat da ƙura, ya rungume ƙafar jita. Ya so ya saki, yatsun suka ƙi. Sai da mutum biyu suka ɓamɓare su ɗaya ɗaya kamar ana ɓare gyaɗa.

Mufutau ya jawo abin magana. "Jama'a, na yi alkawarin zambo in ƙafar nan ta nutse. Ba ta nutse ba, don haka babu zambo, yabo zan yi. Jitar kowa ƙafa huɗu gare ta. Tawa biyar. Ta biyar ɗin Bagobiri ce, kuma ba ta zamewa!"

Wurin ya ɗauka da shewa. Ganimar da gwarzon ya samu ƙanzon shinkafa ne da gefen burodin da ya ƙone. Washegari da hantsi agwagwa ta biya abin da ta ci a bayan murhu, Nomau ya wanke, ya mayar wa jitar da ta kwana a rumfarsa, ya murɗe, ƙafa ta tsaya cak. Aikin bai kai tsawon gaisuwa ba, kuma babu wanda ya gani sai Tabawa, ita ma juya waina take yi.

Ba a yi masa waƙar zambo ba, wannan a rubuta. Sunan Gobir ya fita lafiya. Nasa ne bai fita ba, domin daga ranar babu wanda ya ƙara cewa Gagara-Tsatsa. Direbobi, 'yan kamasho, har matarsa in ranta ya ɓaci: Ƙafa-ta-Biyar. Na amsa, kuma ina amsawa har gobe, don sarauta ce da ba a gada, kwanciya ake yi a ci ta.

Wanda ya ce ƙarya nake, ba sai mun yi musu ba. Ina nan bakin tasha, haƙorana saura bakwai. Ya zo ya miƙo mini hannun dama mu gaisa, amma ya fara sallamar iyalinsa, don ba na saki sai an kira magariba.