Littafin da Ya Sha Dukhan

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin icen ɗalhi da ya biyo ni makaranta wata safiyar Laraba ba. A jakata yake, ba a jikina ba, amma wa zai tsaya bambancewa?

Lokacin ina aji biyu a sakandaren 'yan mata a Umdurman, shekarun da aka ɗinka mana kayan makaranta masu zanen kakin soja. Maktabarmu ɗaki ɗaya ce: kantoci huɗu, dogon tebur, fankar da ta fi kowa samun hutu, sai Ustaza Nafisa mai kula da wurin. Dokarta ba ta da tsawo: littafi guda, mako guda, wadda ta ɓata shi kuma a karɓe katin aronta har ƙarshen shekara. Ni kuwa katin nan ya fi mini 'yan kunnena, domin a gidanmu in ka ɗauke Alƙur'ani babu wani littafi.

Na ari wani littafin waƙoƙin Larabci daidai lokacin da Yaya Hawwa ke shirin aure. Duk wanda ya zauna a Sudan ya san dukhan: rami a bayan ɗaki, a zuba garwashi da icen ɗalhi, amarya ta lulluɓa da bargo ta zauna a kai, hayaƙi ya ratsa ta har fatarta ta yi launin zuma. Na matan aure ne da amare. Budurwa ta fito da wannan ƙamshin, to unguwa ta samu hirar wata guda.

Zaman ya ishi Yaya. Kullum da la'asar sai ta ƙwala mini kira: "Ke sarkin mafarki, zo ki karanta mini abin nan naki kafin in narke!" Ita tun aji huɗu ta bar makaranta ta kama ɗinki da Inna. Nakan zauna a gefen ramin ina karantawa ina mayar mata da Hausa, tana zufa tana cewa, "Sake mini wannan." Kwana shida muna haka. (Ni da nake jin kaina tsuntsuwa ce a saman kogin Nilu, ban lura littafin ma gyaran amarci yake sha ba.)

Sai ranar mayarwa, a cikin bas, na buɗe jaka. Wata tsohuwa a gefena ta ja numfashi, ta dube ni ta ce, "Mabruk, 'yata, Allah ya sanya alheri." Na leƙa. Takardun sun yi rawaya kamar an shafa musu kurkum.

Na tarar da maktaba cike, sa'ar karatun ajinmu ce. Na ajiye littafin a gaban Ustaza. Ta ɗaga shi, ta kai shi har bakin hancinta, tana buɗe shafi a hankali. Ban san lokacin da muryata ta fita ba:

"Wallahi Ustaza ba ni na yi dukhan ba! Yayata ce! Ni ko saurayi ba ni da shi!"

Babu wanda ya tambaye ni. Ɗakin ya fashe da dariya. Ihlas, ƙawata ta kusa kuwa, ta rangaɗa guɗa. "Amarya, ba gayyata?"

Ustaza ta buga tebur, ta zaro katina daga akwati. "Littafin makaranta kika kai rami? Faɗa mini dalili." Na faɗa mata, ina kallon takalmina.

"Kwana shida kina karanta mata? To mu ji."

Ta buɗe tsakiya ta karanta baitin farko. Na rufe ido na kai waƙar ƙarshe. Ta buɗe wani wurin, na kai shi. A na uku dariya ta ɗauke, har Ihlas ta rufe baki.

"Da yarenku yaya kika faɗa mata?"

Ban taɓa ɗaga murya da Hausa a makarantar nan ba. Na faɗa. Daga can ƙarshen tebur wata yarinya da ban taɓa sanin Bahaushiya ba ce ta ce, "Kai!"

Ustaza ta ɗauki alƙalami ta yi rubutu a katina ta miƙo mini: littafi biyu duk mako. Ta kuma damƙa mini karatun bayyane a gaban ɗalibai duk ranar Alhamis. Sunan "Amarya" bai bar ni ba har na gama, amma na fita daga ɗakin nan kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Abin da na koya shi ne a jira tambaya kafin a fara rantsuwa. Sai dai na makara da koyonsa. Bayan shekaru na haɗu da 'yar Ustaza a kasuwar Suk al-Arabi, muna jiran motar unguwar Kalakla, na ba ta labarin. Ta yi dariya har da dafa ni. Ashe idon Ustaza ne ba ya gani sosai, ta kuma ƙi tabarau, shi ya sa take kai kowane littafi fuskarta. Hancinta kuwa, tun wani zazzaɓi da ta yi tana yarinya, ko albasa ba ya ji.