Ƙulle-ƙullen Gindin Katanga

Ba zan taɓa mantawa da ƙulle-ƙullen nan ba, ko da haƙoran da suka rage mini sun zube. Ina zaune gidan ɗana a Malali, jikata Jamila tana shekarar ƙarshe a jami'a. Yarinyar nan ta cika gindin katanga da ciyayin da ta tono daga Rigachikun, wai ana yanka filinsu fuloti-fuloti, in ba a ajiye iri ba sun tafi ke nan. (Ni da na girma ina nome irinsu da fartanya, yau ga su ana lallaɓa su kamar baƙi.)

Wata safiya na fita shanya, sai na ga kawunan furannin a ɗaure cikin wasu fararen ƙyallaye, kowanne da zarensa. Ni ba yarinya ba ce, na san ƙulli in na gan shi. Na ce shi ke nan, an ɗaure karatun Jamila. Nan da nan na tara matan layi, na aika aka kira Liman, har na bi wata maƙwabciya da kallon da bai kamata ba. Na ɗauko almakashi zan yanke su a ƙona, sai kuma na dakata. Na ce a fara tofi tukuna.

Muna cikin yayyafa ruwan tofin Jamila ta shigo. Ta ga almakashi, ta dafe ƙirji.

"Kaka, kin kwance ko ɗaya?"

Na ce ban kai ga haka ba. Ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala. Ashe ita ta ɗaura su, don kada ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi su sauka, ta ga ko furen zai yi iri ba tare da su ba. Da na yanke, aikin damina guda ya lalace, sai ta maimaita shekara.

Liman ya sunkuya yana gyaran murya, kafaɗunsa na motsi. Maƙwabciyar ta ce, "Hajiya, ashe ƙudan zuma aka yi wa asirin." Na rasa inda zan sa fuskata. Da yamma na kai wa maƙwabciyar kwanon dambu da kaina.

Jamila ta gama lafiya, alhamdulillahi. Yanzu in na ga abin da ban gane ba a gidan 'yan boko, mai abin nake fara nema kafin Liman.