Salatif a Kan Gwangwanin Madara

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, matasan cocinmu suka roƙi aron shagona na Narayi, wai za su ɗauki fim. Na yarda, har da ɗaura sabon zani.

Da rana, sun tafi cin abinci, na leƙa sai na tarar an liƙe sunan kowane gwangwanin madara da baƙin salatif, kwalayen sabulu kuma an juya su suna kallon bango. Raina ya ɓaci. Duk Kaduna ta ga shagona kamar na mai sayar da jabu? Na ɓare salatif ɗin tas, na goge gwangwanayen, na jera su suna sheƙi. Na koma gefe ina jiran godiya.

Sai da suka gama ɗaukar wurin da mugun cikin fim ɗin ke zuba guba a madara, wanda ya sha ya yi ta birgima a ƙasa har ya mutu, sannan Yohanna darakta ya lura. Ya dafe kai.

"Mama, kamfanin nan bai biya mu kuɗin talla ba. Kuma in suka ga madararsu ta kashe mutum, kotu za su kai mu!"

Dole mamacin ya tashi ya sake mutuwa, yana hararata.

Har yau, in na tsoma baki a zancen da ba nawa ba, maigidana ba ya musu da ni. Sai dai ya ce, "A miƙo mini salatif."