Ranar da Na Zagi Rawanin Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Talata a wani ƙauye da ke yankin Gude. Ko na so in manta, matata ba ta bari.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Gwarzo, kuma ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai. Wannan ya sa na daɗe ina ganin kaina ɗan wasa ne da duniya ba ta gano ba tukuna. Ana nan sai na ji 'yan fim sun sauka a ƙauyen su matata za su ɗauki shiri mai dogon zango, har da wani dattijon ɗan wasa da nake kallo tun ina yaro. Mu kira shi Baba Tanko. Daga wasan daɓe ya fara, ya shiga rediyo, ya yi zamanin kaset, yanzu ga shi a talabijin. Na gan shi a alƙali, na gan shi a maigadi, na gan shi a boka, kuma kowane lokaci sai in rantse sana'arsa ke nan. Abin da ya hana ni sukuni shi ne: yaya yake yi?

Na hau babur na je, na yi ta shisshigi har darakta ya ba ni fitowa ɗaya. Zan fito a makiyayin da ya fusata, in faɗa zauren dagaci in zazzage masa. Baba Tanko ne dagacin. (Kafin la'asar na sanar da ɗalibaina, da liman, da mai shayin bakin tasha cewa su saurari fitowata.)

Da na tambayi Baba Tanko sirrinsa, sai ya ce shi ba ya fara da haddar magana, da zama yake farawa. Wai in ka iya zaman mutum, da tarinsa, da inda yake ajiye hannu, maganarsa za ta zo da kanta. Kwana biyar ya yi a zauren dagacin ƙauyen na gaskiya yana kallonsa kawai, har ya ari rigarsa da rawaninsa. A zauren nan ne ma ake ɗaukar shirin. Dagacin nan kuwa yayan mahaifin matata ne. Mu da asalinmu ya fito daga ruga, kunyar suruki ba abin wasa ba ce. Shekara bakwai ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban ci abinci a gabansa ba, gaisuwa ma a ƙasan maƙoshi nake yin ta.

Ranar gwaji aka ce in fara. Na shigo da sandata, na ga rawani, sai gwiwoyina suka durƙusa ba da izinina ba. Maimakon zagi, na ji bakina yana tambayar Baba Tanko kwana, da gajiya, da iyali, da damina. Sau shida ana maimaitawa, sau shida ina gaisuwa. Darakta ya ce in gobe ban iya ba, zai ba wani mai ɗinki da ke ta leƙe ta taga. Na ji zafin maganar nan ƙwarai.

Baba Tanko ya ja ni gefe. Ya ce matsalata ina jiran kyamara ne. "Gobe duk inda ka gan ni da rawani, kada ka yi sallama, kada ka cire takalmi. Ka afka mini kawai."

Na kwana ina tara fushi. Na tuna shanun mahaifina da aka taɓa tarewa a hanyar mashaya, na tuna shugaban makarantarmu, na haɗa duka. Da hantsi na iso zaure. Na fito daga hasken rana, ciki da ɗan duhu, amma ga shi can a kan buzu: rawani, amawali ya rufe baki, kafaɗa a karkace, carbi a hannu, har da ɗan tarin nan. A raina na ce, kai, mutumin nan gwani ne. Na shiga da takalmina, na buga sanda a ƙasa, na nuna shi da yatsa.

"Ka sayar da burtalin kakanninmu, ka zauna nan kana jan carbi! Wallahi rawanin nan ya fi ƙarfin kanka!"

Murya ta fita tas, har ni kaina na burge kaina. Sai na lura babu kyamara, babu darakta, sai wasu dattawa huɗu da suka saki baki. Can a lungu kuma, kan tabarma, ga Baba Tanko da 'yar shararsa da hula, yana kallon ikon Allah.

Mai rawani ya sa yatsa ya sauke amawali a hankali. Surukina ne.

Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni daga hula har takalmin da ban cire ba, ya ce, "Malam, an tashi lafiya? Ya 'yata?" Na zube ƙasa. Baba Tanko ya matso ya yi bayani, dattawa suka yi ta dariya har da share hawaye. Dagaci ya jira suka gama, sannan ya ce, "Shekara bakwai kana aure a gidan nan, sai yau na ji muryarka. Ashe kana da ita."

Da aka zo ɗauka da yamma, a takarda an rubuta dagaci zai daka mini tsawa. Na yi zagina, na tsaya jiran tsawa. Sai Baba Tanko ya sa yatsa ya sauke amawali, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambaye ni ko an tashi lafiya. Ashe duk wancan abin kunyar, shi darasi ya ɗauka. Na sake zubewa, gumi ya karyo mini, darakta ya ce kada a taɓa komai, haka yake so.

Har yau mutane na tare ni a kasuwar Gwarzo suna yaba yadda na iya kwaikwayon kunya. Ina karɓar yabon, ba na gyara musu. Amma na samu amsar tambayata: babban ɗan wasa kallo yake yi lokacin da irinmu ke hayaniya. Ni kuwa yanzu, ko a fim ne, sai an sauke amawali na ga fuska kafin in buɗe baki.